Jigon Marigayi

Ko na manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa gwamnatoci biyu tayin itace ba.

Tun da maigidana ya rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, gidanmu na Ƙofar Dundaye ya yi mini girma. Ina zaune ina ɗinkin matashin fata, wani lokaci sai in ji ina yi wa allura magana. To, rannan autana Bashiru, wanda ke aiki a ofishin yawon buɗe ido, ya zo ya ce za a yi taro da mutanen Nijar. Ana so a shirya hanya guda ta baƙi, daga Sakkwato a bi Illela a tsallaka Ƙonni, a wuce Tawa har Agadas. Za a zaɓi gidajen masu sana'ar hannu da baƙin za su riƙa tsayawa, kuma ya sa sunana.

Ni ba cinikin ne ya dame ni ba. Sallama nake so in riƙa ji a zaure.

"Inna, ki dai zauna ki saurara," in ji shi. Na ce to.

Ranar taron na sa atamfar da na ajiye tun bikin yayarsa, na ɗauki biro (na yi yaƙi da jahilci, ina rubuta sunana ba mai kama mini hannu). Aka zaunar da ni kusa da wata dattijuwa daga Ƙonni mai saƙar faifai, Hajiya Rabi. Muka gaisa.

Shugaban taron ya tashi ya yi ta bayani. Can sai ya ce, "Jama'a, hanyag ga ba ta tafiya sai da jigo. Jigo guda muke nema wanda zai ɗauki garuruwan nan duka. Wa ke da shi?"

Masu manyan riguna suna ta kallon takardunsu.

Ni kuwa jigo ɗaya na sani, dogon itacen nan da ake ɗaura wa guga a gefe guda, curin laka a ɗaya gefen, ana ban ruwa da shi a fadama. Na marigayi yana nan jingine bayan ɗakina tun da ya sayi inji. Kuma maganar ta zauna mini daidai: tafiya har Agadas, ga rana, ai dole baƙi su nemi ruwa. Har tausayinsu na ji (wai ni ce mai tausayin masu digiri).

Na ɗaga hannu. Na hango Bashiru yana girgiza mini kai, na ɗauka kunya ce irin ta yara. Aka miƙo mini abin magana.

"Ranka shi daɗe," na ce, "in jigo ne, akwai shi gidana. Na marigayi ne. Gara ta ɗan taɓa gindin, amma da sauran ƙarfinai. A turo mota a ɗauka, ba sai an biya ba."

Da farko ba wanda ya motsa. Sai wani ya yi tari. Daga nan ɗakin ya ɗauka da dariya. Abin da ya fi ciwo, akwai baƙi masu jin Faransanci kawai, sai da tafinta ya juya musu, don haka dariyar sau biyu na sha ta. Bashiru ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

Shugaban, Allah ya saka masa, ya share hawaye ya ce, "Mun gode, Inna. Jigon da muke nufi shi ne labari guda da zai haɗa garuruwan, kamar a ce hanyar fatake ko hanyar malamai."

Na ce to. Ban ƙara ɗaga ido ba har aka tashi. Da aka ce masu sana'a su tsaya a tattauna da su, ni tuni na kai bakin titi ina tsayar da Keke Napep. Hanyar fatake suka zaɓa, kuma gidana bai shiga ba. Ba su suka cire ni ba, ƙafata ce.

Na koma ga allurata. Ko bayan ɗakin, inda jigon yake, na daina bi.

Ana nan, wata ranar Juma'a wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Salamu alaikum, mai jigo ce?"

Hajiya Rabi ce, wajen Bashiru ta karɓi lambar. Na ce, "Ke ma dariyar kika biyo ni da ita har gida?"

Ta ce, "Wace dariya, 'yar'uwa? Wallahi da kin ƙara jinkiri kaɗan da ni ce zan tashi. Namu ma yana nan, sai dai shi ya karye."

Muka yi dariya har katinta ya ƙare. Ita ma mijinta ya rasu, ita ma gidan ya yi mata girma. Yanzu duk Juma'a sai ta kira, ko ni in kira.

Na dai koyi cewa in masu boko suka ce ba su da abu, in fara tambayar wane iri kafin in ba da na marigayi. Baƙin Agadas har yau ban ga ko ɗaya ba. Amma sallama kam ina samu, daga ƙetaren iyaka ma.