Ranar da Na Jera Tuluna a Layin Zaɓe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran labarai, da abin da na tafka a Tozai ranar zaɓen kansila. Shekarar fari ce. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, rabin mazan unguwarmu sun tafi cin rani, wasu sun bi shanu kudu neman ciyawa. Rijiya ɗaya ta rage mai ruwa, kuma a bakinta muna da dokar da ba mai takawa: in ka ajiye tulunka a layi, to kai ne a wurin. Ka tafi kasuwa ko jana'iza, tulun yana tsaye a madadinka, ko mai gari bai isa ya tsallake shi ba.

Zaɓen na ƙato bayan ƙato ne, babu akwati. Kowa ya tsaya bayan hoton ɗan takararsa, a ƙirga. Kawu Ɗanjuma, ƙanin mahaifiyata, shi ya fito daga unguwarmu, har san nomansa na ƙarshe ya sayar saboda takarar. Abin da ke hana shi barci ɗaya ne: mutanensa ba sa gari.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, don na taɓa zama Sakkwato ina wankin hula, na dawo da rediyo (wadda rabin shekara ba ta ga batir ba). Na ce masa, "Kawu, kwantar da hankalinka, layi ai layi na. Duk wanda ba shi nan, a aza mai tulu, a ɗaura katinai ga wuyan tulun."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka tabbata gwamnati ta san tulu?"

"Haba Kawu, ni da niz zauna Sakkwato?"

Wallahi ba ƙarya na shirya ba, har zuciyata na yarda da abin. Ban tambayi kowa ba. Da ma a kan matafiya na tsaya, da sauƙi, sai rawar kai ta ƙara ja na. Na bi gida gida ina ce wa tsofaffi da marasa lafiya su huta, rana ta yi zafi, tulu ya wadatar. Baba Nomau makaho ya riga ya nemi mai ja masa gora, na sallami mutumin. Kakata Hajjo, uwar ɗan takarar, mai ciwon gwiwa, ta ci ado ta ce a ɗauko jaki. "Za ni in tsaya ma ɗana da kaina," in ji ta. Na lallashe ta, na karɓi tulunta.

Da hantsi layinmu ya kai har gindin kuka, mutum ɗaya, tulu huɗu, mutum ɗaya, tulu shida. Mutanen ɗaya layin suka saki baki suna kallo (ni a zatona tsoro ne ya kama su). Malamin zaɓe ya taso zai fara ƙirga, ya yi turus.

"Wa ad da tulunan ga?"

Na gyara hula na fito, na zuba masa bayani tiryan-tiryan kamar mai wa'azi. Ya bari na ƙare tsaf.

"Malam, kan mutum muka ƙirgawa. Wanda ba shi gari ba shi da ƙuri'a, ba a wakilci ga zaɓe. Tsoho ko gurgu ko makaho kau, da kun kawo su, ga inuwa za su zamna, su za mu hwara ƙirgawa."

Na ce a ba ni dama in ruga in kwaso su, ya ce an rufe tantancewa tun ɗazu. Daga ɗaya layin wani ya ɗaga murya: "To a tambayi tulunan mana, ƙila namu na!" Fili ya ɗauki dariya, har ɗan sandan da ke gadi ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Kawu ya faɗi zaɓen. Tazarar kuma ba ta kai yawan tsofaffin da na zaunar a gida ba, kowa ya lissafa wannan a gabana. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya sunkuya ya ɗauki tulun uwarsa ya miƙo mini. "Kai mata, ka hwaɗa mata da bakinka."

Na iske ta a ƙofar ɗaki, ba ta ko cire adon ba. Ta washe baki ta ce, "An ƙirga ni?"

Na fi son ƙasa ta tsage in shige da in amsa, amma na amsa. Ta dube ni ta ce, "Allah shi shirye ka, miji na banza. Jakin ma ya fi ka sanin hanya."

Tun daga ranar, duk zaɓe nakan dame malaman da tambaya har su gaji da ni, kuma amalankena ce ke kai tsofaffin unguwa rumfar zaɓe. Na gane matambayi ba ya ɓata. Wanda ke ɓata shi ne wanda ya taɓa zama Sakkwato.