Rasuwar 'Yar Damagaram a Bakin Amale

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yau yake shiga aljihun dama ya fito wayam, ni Alhaji Dalhatu, dillalin raƙuma a kasuwar Maigatari, nake sanar da 'yan uwa, abokan ciniki da maƙwabtan rumfa rasuwar wayata, wadda aka fi sani da 'Yar Damagaram. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, a tsakiyar kara, kasuwar dabbobi, tana kan aikinta, bayan shekara shida a hannuna. Ni kuwa a lokacin ina Kwatano ta ƙasar Binin, ƙafafuna cikin rairayin bakin teku.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta faɗa komin shayar da dabbobi sau biyu, aka binne ta cikin ɗanyar shinkafa, ta tashi. Fuskarta ta tsage tun shekarar farko, ba ta taɓa neman a sake mata wata ba. Kukanta kukan zakara ne, ni na zaɓa mata, har kajin unguwa sukan amsa. In iska ta kaɗo daga arewa takan kama layin Nijar da kanta, wata baiwar Allah ta yi ta zuba mini Faransanci a kunne, ban taɓa jin haushi ba. Abin da ya fi duka, ta san kowa. Lambar duk wanda ya taɓa sayen raƙumi ta hannuna, daga Gumel zuwa Gagarawa har cikin Damagaram, tana cikinta. Ni ko lambar gidana ban haddace ba.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga wani alkawari. Tun muna da ɗa ɗaya na ce wa maiɗakina, Hajiya Laure, zan kai ta ta ga teku. Bana ta ce lokaci ya yi, kuma ba tekun Legas ba, tana son ƙasar da za a buga mata tambari a fasfo ta nuna wa matan unguwa. 'Yarmu Naja'atu ta tsara tafiyar, mota da masauki da katin allura. Ita Naja'atu aikin kwamfuta take yi wa wani kamfani daga ɗakinta a Gumel. Ta roƙe su ta tafi da kwamfutar ta riƙa aiki daga can, suka ce a'a, aikinsu ba ya tsallaka iyaka, in hutu za ta yi ta ajiye komai ta yi hutu. Na yi dariya har da tari. Na ce wannan matsalar mai ubangida ce, ni ubangidana Allah ne, daga ko'ina zan ci kasuwata.

Dalilina kuwa, shekara talatin da ɗaya ban taɓa fashin kasuwarmu ta Alhamis ba. Kuma akwai Ilu dillali, wanda rumfarsa ke kallon tawa, wanda ya daɗe yana gaishe da abokan cinikina da hannu biyu. Makon nan ne kuma Alhaji Rufa'i na Ɗanzomo, wanda ubansa ma ta hannuna ya sayi raƙuminsa na ƙarshe, zai zo neman na huɗa. In na bar shi Alhamis ɗaya a hannun Ilu, na san abin da zai biyo baya.

Hajiya ta kafa sharaɗi guda: kwana bakwai, kada ta ji kalmar raƙumi. Na amince a gabanta. A bayanta na danƙa marigayiya ga ƙanena Siddiq, na ce ranar Alhamis zan kira shi ta wayar Hajiya, kiran da ake ganin fuska, shi ya zama ƙafata da hannuna, ni in zama ido. A bakin iyaka ma jami'i ya tambaye ni aiki zan yi ko yawon buɗe ido, don takardar baƙo ba ta aiki ba ce. Na ce masa hutu zalla. Allah ya yafe mini wannan.

Ranar ta zo. Hajiya ta tattare zani tana tsoma ƙafa a ruwa tana ja da baya, Naja'atu tana yi mata dariya. Na ce zan ɗauki hotonsu, na karɓi wayar, na zagaya bayan mai sayar da kwakwa. Siddiq ya ɗauka. Ga kara, ga Alhaji Rufa'i, ga wani jan amale, ƙaton raƙumi, tsaye, ga kuma Ilu a gefe ya harɗe hannu wai wucewa yake.

Nan na fara gane cewa sana'ar nan ba ta ido ba ce kaɗai. Na ce Siddiq ya matsa tozo, ya matsa, na tambaye shi yaya ya ji, ya ce ya ji tozo. Na ce ya sunsuna numfashinsa, ya ce warin raƙumi yake. Sai na ce to a buɗe baki in ga haƙori, nan ne shekaru suke, ba mai yi mini ƙarya a nan. Hoton yana ta yankewa, ba na ganin komai sai kumfa.

Na ce, "Siddiq, matso da ni."

Ya ce, "Yaya, dabbar nan fa ranta a ɓace yake."

Na ce, "Kai da Allah matso da ni, tun ba a haife ka ba nake shiga bakin raƙumi."

Ya matso da ni. Jama'a, ban san wani dillali da ya taɓa ganin abin da na gani ba. Na ga haƙoran ƙasa, lafiyayyu, shekara bakwai ba ƙari. Na ga harshe. Na ga wani jan lungu mai zurfi. Na buɗe baki in ce a saya, sai na ji ƙaras, sannan ƙurum, sannan duhu. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe.

Da na ɗago, Hajiya na tsaye kaina, ƙafarta duk rairayi. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo hannu ta karɓi wayarta ta ɗaure a bakin zani, ta ce, "Alhaji, an tashi kasuwa? To zo ka riƙe mini takalmi." Kwana huɗun da suka rage takalmi na riƙe. Na sha ruwan kwakwa, igiyar ruwa ta kayar da ni gaban yaran Turawa, kuma zan faɗi gaskiya tunda ranar gaskiya ce: tekun nan yana da kyau.

Daga baya na ji yadda aka ƙare. Ana cikin ƙoƙarin zaro marigayiya, Ilu ya tako a hankali, ya kama hannun Alhaji Rufa'i ya haɗa da na mai raƙumi, ya ce a sallama. Aka sallama. Hannu kawai ya fi ni da shi a ranar, nawa yana Kwatano riƙe da takalmi.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin ƙyalle, da rigarta ta roba wadda aka tsinta da tabon haƙori, da abin sawa a kunne mai ji ta ɓangare guda. Ta bar Siddiq, wanda yatsunsa goma suka tsira, kuma ya bi amalen har Ɗanzomo kwana uku yana tona abin da ya bari a baya ko layin waya zai fito. Bai fito ba. Ta bar ni, ba lambar kowa.

Za a binne rabin da aka samu ranar Alhamis mai zuwa bayan azahar, a gindin turken rumfata. Ɗaya rabin yana Ɗanzomo yana huɗa, mun bar wa Allah. Za a zauna karɓar gaisuwa a rumfar har la'asar, akwai shayi da goro. Ba a buƙatar kuka. Abin da iyalai ke roƙo shi ne duk mai zuwa ya taho da lambarsa a rubuce a takarda, da manyan baƙi, ya sa a ƙwaryar da za a ajiye bakin tabarma. An keɓe wa Alhaji Rufa'i buzu kusa da ni, ba na riƙe shi da komai. Ilu ma yana iya zuwa, amma ya yi gaisuwarsa daga rumfarsa, muna jiyo shi, kuma kada ya raka kowa.

Hajiya Laure ta ce a ba ta uzuri, ba za ta samu halarta ba. Ita da Naja'atu suna duba hanyar Lome ta baɗi. Na kuma samu labarin ta aika wa amalen buhun dusa.