Nomau da Akwatin Sallau

A Gidan Ɗorawa an yi wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya biyu. Babban shi ne Nomau. Gemu ya fito masa har da furfura, amma maganar da ka ɗora masa a kai, a nan za ka dawo ka tarar da ita. Ƙaramin, Sallau, mai hoto ne kuma yana gyaran waya. Duk garin babu fuskar da bai ɗauka ba sai tasa. Idon Inna ya fara yana, kullum tana ce masa, "Ka ɗaukar mini kanka tun ina gani." Shi kuwa sai ya ce gobe.

Wata rana ɓarayi suka matsa wa garin. Sallau ya kafa 'yar kyamara a bakin garke, ya ja waya zuwa wani akwati a zaure mai ajiye abin da ta gani. Hadari ya taso, ya ce, "Yaya, kada ka bari ruwa ya taɓa idon nan." Nomau ya ɗauko tukunya ya kife a kan idon kyamarar. Da gari ya waye, an sace musu sa har da igiya, akwati kuma bai ga komai ba sai baƙin gindin tukunya. Nomau ya ce, "Amma duba, ko ɗigo bai taɓa shi ba." Da wannan san suke noma. Shekarar da hannu suka yi huɗa.

Wata rana Sallau ya nuna wa Inna kanta a gilashin akwatin. Fuska ta fito koriya shar, duk zane-zane. Ta ce, "Wannan ai gawa ce, cire ni!" Sallau ya ce, "Ba ke ba ce, Inna. Idon nan ba ya ganin mutum ɗungurungum. Ɗigo-ɗigo yake tsinta, kamar ɗinkin hula, ya miƙa wa akwati a jere. Shi da ja yake farawa, sai kore, kore, sai shuɗi. Akwatin kuwa ya zaci da kore aka fara, shi ya sa ya juye komai. Sai an gaya masa." Nan take Nomau ya tsuguna, ya kai baki jikin akwati: "Da ja ake farawa, sai kore, kore, sai shuɗi." Sallau ya yi dariya har da hawaye. "To Yaya, kullum ka riƙa gaya masa har ya ji."

Wata rana Sallau ya shirya zuwa birni don ya aro kwamfutar da ake gyaran da ita. Ya goge idon kyamara da bakin riga, ya ce, "Yaya, kada kowa ya taɓa akwatin nan sai na dawo." 'Yan bindiga suka tare motarsu a hanya. A makara aka shigo da shi. Inna ta shafa fuskarsa kafin a rufe, ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Bayan an watse sai ta ce kamanninsa sun fara guje mata, in ta rufe ido muryar kawai take ji.

Wata rana Kawu Jatau, ƙanen Inna, ya zo ɗaukar akwatin a sayar, don babu hatsi a gidan. Nomau ya zauna a kai.

"Tashi, kai! Yunwa za ta kashe uwarka."

"Kawu, ya ce sai ya dawo."

"Wanda muka binne? Kai dai Allah ya shirye ka."

Ya zuba masa sanda a gadon baya. Nomau ya sunkuya ya sha, bai motsa ba. A kan akwatin yake cin ɗan abin da aka samu, a kai yake gyangyaɗi.

Wata rana Kawu ya kawo mai saye, Malam Tunau, abokin sana'ar marigayi. Malam Tunau ya lallashi Nomau, ya ce daga nesa zai jona waya, hannunsa ba zai kai ba. Ya duba, ya girgiza kai. "Duk ya lalace, kore ne da zane. A share, sai na saya." Nomau bai san me ake nufi da sharewa ba. Ya dai tuna yau bai yi aikinsa ba. Ya duƙa: "Da ja ake farawa, sai kore, kore, sai shuɗi."

Kawu ya ce, "Ka ji haukar da muke sha."

Malam Tunau ya janye yatsa daga inda zai danna ya share. "Wa ya gaya maka haka?"

"Sallau. Akwatin ne mai taurin kai."

Malam Tunau ya danna nan, ya danna can. Koren ya janye. Sai ga Sallau dab da gilashi, safiyar tafiyarsa, yana goge ido da bakin riga, har tsagar da ke kumatunsa.

Aka kamo hannun Inna. Ta matsa har hancinta ya kusa gogar gilashin, ta daɗe tana kallo da ɗan ganin da ya rage mata. Ta ɗaga hannu, sai ta tsaya, ta waiwayi babban ɗanta.

Nomau ya sauka daga kan akwatin, ya karkaɗe riga.

"Taɓa, Inna," in ji shi. "Ai ya dawo."