Yadda Lurwanu Ya Gwada wa Turawa Kiwo

Wani mutum ne a Malumfashi, Lurwanu mai turare. In dai kana shan shayi a teburin Ilu na bakin tasha, to ka san shi, ko kana so ko ba ka so. Siriri ne, ɗan gayu, kullum cikin farar shadda, ƙamshinsa na riga shi isowa. Amma baki! Allah ya ba shi baki, ya hana shi birki.

Lurwanun nan, wallahi bai taɓa riƙe igiyar akuya ba. Tunkiya in ta tare lungu, sai ya juya ya ce ya tuna da wani saƙo. Amma bari ya kurɓi shayi ka ji.

"Ku bar ganina da kwalabe," in ji shi. "Ni a ruga aka yanke mini cibi. Kakana na wajen uwa, in shanunsa suka tashi shan ruwa, na gaba sun kai gulbi, na baya ba a kwance su ba. Ina ɗan mitsitsi na kama bijimi ta ƙaho na zaunar da shi kamar ɗan makaranta."

"Sarkin Shanu!" in ji Ilu. "A ƙara madara?"

"Ta gwangwani? Mu da muka sha daga hantsa!"

'Yan majalisa su yi dariya, a wuce wurin. Kowa ya san abin da ake ciki, ban da mutum ɗaya: Nafi'u, ɗan yayarsa. Shi tun yana rarrafe yake jin labaran nan, ya haɗiye su ba tauna. Ya girma, ya tafi Ostireliya karatun likitan dabbobi, ya samu aiki a wata gonar shanu can cikin daji, ta wata tsohuwar Baturiya, Madam Beti. Ita kuwa ta rasa makiyayi, don samarin can duk sun gudu birni. To a ƙasar, in mai gona ya rasa ma'aikaci, yana iya tsaya wa mutumin waje a ba shi bizar zama ta dindindin, muddin a karkarar zai yi aiki. Nafi'u ya ce ai nesa ta zo kusa, yana da kawu wanda bijimai ke gaida shi.

Da waya ta zo, mai hankali sai ya ce, "Ɗana, wasa nake." Ina! Lurwanu ya ce a gaya wa Madam ta kwantar da hankalinta, maigidan shanu na nan tafe.

Daga ranar, majalisa ta shiga uku.

"Kun san gonar nan? Fili ne fetal. Ka wuni kana gudu a mota, itace ko ɗaya ba za ka gani ba. Sama da ƙasa da shanu, sai ni."

Ba a ba shi biza ba, ya riga ya yi bankwana. Ya bar wa ƙanensa rumfar turare kyauta, wai ya riƙa tunawa da shi. Ya bi gida-gida yana a yafe juna. Ya sayi wata ƙatuwar rigar sanyi yana yawo da ita a tsakiyar bazara, gumi na tsiyaya, wai yana saba wa jikinsa. Matarsa Asabe kuwa har ta fara yi wa maƙwabta rabon tukwane.

Rannan sai ga amsa. An ƙi. Ofishin biza ya ce ba su ga wata shaida ba da ta nuna mutumin nan ya taɓa kiwo.

Ba rumfa, ba biza, ga gari duk ya ji. Ina Lurwanu zai sa fuskarsa? A majalisa dai ya ce mahassada ne, kuma ya san su.

Sai Nafi'u ya sake kira. "Kawu, kada ka damu. Madam ta ɗaukaka ƙara, akwai kotun da ke sake duba irin wannan. Za su yi magana da kai ta waya mai hoto, har tafinta za a sa. Tambayoyi ne kawai. Ka samu ɗaki shiru ka zauna ka amsa."

Muryar wayar a buɗe take, majalisa na ji. Lurwanu ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Ɗaki? Ni? Ka gaya musu a tsakiyar garke za su same ni. Gani ya kori ji!"

Ka ji fa. Babu wanda ya roƙe shi. Baki shi ke yanka wuya.

Washegari ya zari kwalbar turare mai tsada, ya nufi rugar Jauro Manu da ke bayan gari, wani dattijo mai sayen turare a wurinsa duk salla. Ya tsaya nesa da garke, wai kada takalminsa ya ɓaci. Yana nan tsaye sai ya ga Jauro ya ɗebi 'yar kanwa a tafin hannu ya miƙa. Kafin ka ce me, saniya biyu sun taho da kansu, suna lasa suna kaɗa wutsiya.

Idon Lurwanu ya yi wal. Ashe sirrin ke nan!

"Baba Jauro, aron garken nan nake so na safiya ɗaya. Kai ka koma can nesa, kada Turawa su ga makiyayi biyu su rikice. Kuma don Allah, daga yau kada a sake ba su kanwa sai ranar."

Jauro ya shinshina turaren da ya kawo masa, ya ce, "To, ai ka ce kai ɗan gida ne. Amma kaɗan ake ba su, a tafi. Suna da kwaɗayinta."

Lurwanu ya ce ya sani. A hanya kuwa lissafi yake: 'yar kaɗan ta jawo biyu, shi kuma garken duka yake so ya kewaye shi, Turawa su ga ƙauna. Ya shiga kasuwa ya auno kanwa kwano guda. Ya jiƙa ta a baho, ya tsoma rigar saƙi da ya aro, ya tsoma wando, ya tsoma har malfa. Suka bushe suka yi ƙamas. Aljihun riga da na wando ya danƙare su da dusa da garin kanwa, har yana tafiya kamar jakin 'yan ci-rani.

Ranar sauraron ƙara, da sassafe, majalisa kaf ta hallara a ruga. Shi ya gayyace su, wai su zo su ga abin da suke ƙaryatawa. Ya miƙa wa Ilu waya.

"Ilu, amana. Ko sama za ta faɗo, kada ka kawar da wayar nan daga kaina."

"An gama, Sarkin Shanu."

Waya ta haɗu. Ga alƙaliya da tabarau, ga Madam Beti, ga Nafi'u a gefenta yana washe baki. Sai wata murya mai sanyi ta yi sallama da Hausa. "Sunana Talatu, ni ce tafinta. Na yi rantsuwa duk abin da aka faɗa zan fassara, ba ragi ba ƙari."

"Madalla," in ji Lurwanu. "Kada ki rage ko ɗigo."

Alƙaliya ta tambayi tun yaushe yake kiwo. Ya ce tun kafin ya yi haƙori. Ta tambayi ko waɗannan shanun sun san shi. Ya gyara malfa, ya saɓa sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kai kamar yadda ya ga ana yi.

"Ranki ya daɗe, kowace da sunanta. Bari ki gani."

Ya matsa kusa da garke. Sunan saniya ko ɗaya bai sani ba, sai sunayen turare da suka zo bakinsa.

"Almiski! Ambar! Sandal!"

Iska ta kaɗa ta bayansa. Wata jar saniya ta ɗaga kai, ta buɗe hanci. Ta taho. Wata ta biyo ta. Madam Beti ta tafa hannu, Nafi'u ya ce, "Ban gaya muku ba?" 'Yan majalisa suka saki baki. Lurwanu ya waiwayo ya kashe musu ido.

Sai jar saniyar ta zaro harshe, ta lashe shi daga ƙirji har kunne. Karrr! Abin da bai sani ba, harshen saniya kamar dutsen goge kaushi yake.

"Gaisuwa ce," in ji Lurwanu, murya ta siranta. "Haka muke yi kullum."

Bai rufe baki ba, garke ya motsa gaba ɗaya. Rididi! Shanun da aka hana wa kanwa, yau ga ta tsaye da ƙafa biyu. Wannan ta cafke malfa, ƙurus ƙurus. Waccan ta tura baki a aljihu, kyaaat, aljihu ya tafi. Dusa ta watse, abin ya ƙara lalacewa. Ta gaba na lasa, ta baya na ja, wani maraƙi ya kama mazagin wando yana tsotsa.

"Ke! Tafi can! Wayyo Allah! Baba Jauro!"

Talatu, cikin natsuwa, ta juya wa alƙaliya da Turanci. Sannan ta dawo. "Alƙaliya na tambaya, wane ne Baba Jauro?"

"Mai shanun! Ku kira mai shanun! Na rantse ban san su ba!"

Ta fassara wannan ma. Ai ta yi rantsuwa.

Ana cikin haka babban bijimin garken ya keto, baƙi wuluk, tozo na rangaji. Bai yi fushi ba, bawan Allah, rabonsa kawai ya zo karɓa. Ya huro wa Lurwanu numfashi a ƙeya. Fuuu!

Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Lurwanu ya yar da sanda ya zura, garke ya rufa masa baya. Wando ya zame, ya bar musu shi sadaka. Itace ɗaya ne a wurin, aduwa, ƙaya tun daga gindi. Mutumin da ko katanga bai taɓa hawa ba, sai ga shi can kan reshe, daga shi sai gajeren wando da rabin riga. Shanu suka yi wa aduwa zobe, suna miƙa wuya, jar saniyar na lasar tafin ƙafarsa.

"Inna! Wayyo Innata! Ilu, kashe wayar nan!"

"A'a," in ji Ilu, hawaye na zuba don dariya. "Amana ka ba ni. Sama ma ba ta faɗo ba tukuna."

'Yan majalisa wasu na birgima a kashin shanu ba su ma sani ba. Jauro Manu na can nesa a zaune kan turmi, inda aka ce ya zauna. Nafi'u kuwa ya rufe fuska da hannu biyu, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ilu ya zagaya bayan shanu, ya ɗaga waya sama yadda na kan aduwa zai ji da kyau. Aka yi 'yar magana da Turanci, sannan Talatu ta gyara murya.

"Malam Lurwanu, kana ji na?"

"Ina ji," in ji shi, ƙaya a ko'ina.

"Madam Beti ta janye ƙararta, ta fasa tsaya maka. Ta ce a gaya maka ba don shanu ba sa son ka ba ne, ita tun da take ba ta taɓa ganin so irin wannan ba. Tausayinka ta ji. Ta ce gonarta fili ne fetal, babu itace ko ɗaya. In nata suka biyo ka, me za ka hau?"