Rasuwar Baraka, Wadda Ta Rantse Kanumfari Fata Ne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, zuciyar da ba ta saba karaya ba, Alhaji Nata'ala Mai Fata na Zaitawa yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan ciniki na Kasuwar Kurmi rasuwar Baraka, manhajar kwamfutar rumfarsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar ɗaure kayan Alhaji Mikail na Legas.

Mutumin da ya fito daga gobarar kasuwa da rawaninsa a ka, wanda mota ta kife da shi a hanyar Zariya ya tashi ya karkaɗe riga, wanda bai taɓa zama ajin boko ba amma 'yan boko ke durƙusa masa, yau ga shi ya ture kwanon tuwo gefe.

Jikarsa Na'ima ce ta haifi marigayiya, da yaren kwamfuta da ake kira Go. Aikinta shi ne buga wa kowane ƙunshi takardar shaida mai layi-layi, wadda in babu ita masu jirgin ruwa ba sa karɓar kaya. Ba ta taɓa neman kuɗin abinci ba, ba ta taɓa tafiya biki ba. Da safe ta ce "tirrr", shi ke nan ta kama aiki.

Na'ima ta yi mata ƙofa mai faɗi, wadda masu kwamfuta a wurinsu interface suke ce mata. Ƙofar ba ta tambayar asali. Duk abin da zai iya faɗin sunansa da nauyinsa, bismillah, ya shigo. Sai dai can ciki, wurin awon tsawo da faɗi, dole Baraka ta san fata ce a hannunta. A nan hanya biyu ce, duka kuma type assertion ake ce musu: ko ta tambaya a ba ta i ko a'a, ko ta rantse kawai fata ce ta wuce. Na'ima ta zaɓi tambaya. In amsa ta zo a'a, sai Baraka ta yi "tit-tit-tit", ta tsaya ta jira mutum.

Sau ɗaya ta yi wannan kukan, ranar da Alhaji ya taimaki maƙwabci da tura bandir na shadda. Rumfa cike da manyan baƙi, har wani ya yi dariya wai na'ura na tuhumar Alhaji. Daga ranar ya ce a cire tambayar, ta riƙa rantsuwa kamar 'yar halak, tunda ba abin da zai ƙara shiga rumfarsa sai fata. Na'ima ta ce duk ranar da wani abu dabam ya shigo, take za ta faɗi. Ya tuna mata cewa tun ba a haifi ubanta ba yake shinshina fata ya faɗi garin da akuyar ta yi kiwo. Ta cire, ta rufe kwamfutarta, ta koma wurin aikinta Kaduna. Tun Babbar Sallah ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Ajali kuwa a buhu ya zo. Alhaji Mikail ya roƙi a haɗa masa da buhun kanumfari ɗaya, kuma wanda kuka tsufa kuna ciniki ba a ce masa a'a. Kanumfari yana da suna, yana da nauyi, ƙofa ta buɗe masa. Baraka ta rungume shi, ta rantse fata ne. Ko "tit" ba ta yi ba. Kalma ɗaya aka iya karantawa a fuskarta, panic, wadda masu Turanci suka ce firgita take nufi. Duk kunnawar da aka yi tun daga nan, kan buhun nan take komawa ta sake faɗuwa. Mai gyara ya duba ya ce ƙarfe lafiya lau, cutar a rubutu take, rubutun kuma yana hannun wadda ta yi shi.

Ta rasu ta bar firinta mai tari, da linzamin kwamfuta, da inbata mai ba ta wuta, da ƙunsunan jar fata jibge har rufi ba ɗaya mai takarda. Buhun kanumfarin ma yana nan bakin rumfa, yana ta ƙamshi ba kunya.

Motar Legas za ta tashi Asabar bayan azahar. Alhaji Mikail ya faɗa cikin ladabi cewa in kayan suka rasa jirgi, zai koma rumfar Musa da ke kallon ta Alhaji Nata'ala, Musan da shi Alhaji Nata'alan ya koya wa riƙe wuƙa.

Saboda haka an sa jana'iza Asabar ɗin da la'asar, a ƙofar gidan Alhaji a Zaitawa. Ba za a taɓa gawa ba kafin nan, don wanka sai uwa. Alhaji ba zai kira kowa a waya ba, bai taɓa roƙo ba kuma ba a kan jika zai fara ba. Amma wanda duk yake da lambar Kaduna, ba a hana shi karanta wa mai lambar wannan sanarwa ba. An share ɗakin Na'ima. In kuma ta ga dama ta mayar da tambayar, Alhaji ya ce kunnensa ya fara nauyi kwanan nan, ba lalle ya ji "tit-tit" ɗin ba.