Jarrabawar Kututture

A wani daji da ke bayan tsaunukan garinmu aka yi wannan abu. Ni da nake ba ku labarin ban taɓa zama a aji ba, jikana ne ke rubutawa, amma shekara tamanin da ɗoriya ina taka ƙasa da ƙafata, kuma na raka masu karatu da yawa makwancinsu. Kowa ya daɗe ya ga daɗau.

A dajin nan, tun kaka da kakanni tsuntsayen carki ke jinyar dabbobi. Su sauka a gadon bayan mai gyambo, su tsince tsutsa da kaska. Sai dai suna da hali: in sun ɗanɗani jini ba sa barin ciwo ya rufe. Da kuka ya yi yawa, dabbobi suka kafa Majalisar Jinya, suka naɗa Zalɓe shugaba, don an ga yana iya wuni a tsaye kan ƙafa ɗaya bai ce komai ba, aka ɗauka tunani yake.

Majalisa ta buɗe hanya biyu: makarantar shekara uku, da jami'a ta shekara biyar. Ta kowacce ka bi, sai ka ci jarrabawa kafin a rataya maka lasisi a wuya. Da yake babu dabbar da ta yarda a koyi aiki a jikinta, sai aka samo wani kututturen marke aka shimfiɗe, aka lulluɓa masa zane. A kansa ake koyo, a kansa ake jarrabawa.

Ana nan sai wani Ɓauna mai suna Jatau ya faɗa kan tsinin itace, kwiɓinsa ya tsage. Kwana shida ciwon ya yi tsutsa. Tsohuwar da ta saba duba shi, Inna Carki, ta tafi gaban majalisa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "Jatau na kwance, wari ya fara kiran ungulu. A ba ni izini in sauka a kansa."

Zalɓe ya sauya ƙafa ya ce, "Inna, ba mu raina furfurarki ba. Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ga majinyaci nan a ƙarƙashin zane, nuna mana abin da kika iya."

Ta ɗaga zanen, ta ƙwanƙwasa sau biyu da baki. "Wannan ai ya mutu tun kafin a haife ka. Gara ce ma a cikinsa."

Aka kayar da ita a jarrabawar nan take, saboda ba ta gaishe da majinyaci ba, ba ta tambayi sunansa ba, kuma ta karya masa zuciya.

Majalisa ta tura nas biyu: Dila mai karatun shekara biyar, da Barewa mai karatun shekara uku. Jatau na ganinsu ya yi nishi ya harba ƙafa. Dila ya ja da baya taku goma.

"Duk karatuna ban ga majinyaci mai shuri ba," in ji shi. "Malam, ka kwanta yadda ake kwanciya. In ka daina motsi a aiko mini."

"In na daina motsi, ɗan nan, ai ungulu za a aika wa," in ji Jatau.

"Yallaɓai, ko mu wanke masa?" in ji Barewa.

"Wanki naku ne 'yan shekara uku. Mu tsara jinya muke yi." Ya koma inuwa yana tsarawa.

Barewa ta dafa ruwan gishiri yadda aka koya mata, ta wanke ciwon. Amma tsutsar ta nutsa inda kofato ba ya kaiwa. Ta ɗaga kai, ga Inna Carki a reshe ta yi tagumi.

"Inna, sauko."

"Ke 'yar nan, ki rufa wa kanki asiri. Abin wuyan naki shekara uku kika yi kina nemansa."

"Na sani. Sauko ki tsince. Amma wallahi kina ganin jan jini ki tashi, in ba haka ba in make ki."

"Ji 'yar banza! Ni za ki koya wa aiki?"

Ta sauka ta tsince tas. Da jini ya ɓullo sai tsohon hali ya motsa, ta ƙara kai baki. Barewa ta kai mata kofato, ta tashi tana zage-zage. Aka ɗaure ciwon da tafasasshen ƙyalle. Haka suka yi kwana tara, suna aiki suna faɗa, har Jatau ya miƙe ya tafi rafi da ƙafarsa. Irina ne shi, mu ba mu mutuwa da wuri.

Dila ya kai rahoto. Majalisa ta zauna, Jatau ya zo shaida, aka ce ba a sauraron wanda bai yi karatun jinya ba.

Zalɓe ya ce, "Barewa, ba mu musa cewa ya warke ba. Amma ya warke ba bisa ƙa'ida ba. In muka ƙyale, gobe kowa sai ya warke yadda ya ga dama. Ajiye lasisin."

Ta cire ta ajiye a gefen zanen, ta fita. Jatau ya bi bayanta, Inna Carki na bisa ƙahonsa tana ce mata, "Ai na gaya miki."

Dila kuwa aka ɗaga shi ya zama babban mai jarrabawa, domin an duba tarihinsa kaf ba a sami majinyacin da ya taɓa mutuwa a hannunsa ba.

An ce har yau masu ciwo a dajin nan ta bayan rafi suke zagayawa, su je wajen Barewa da Inna Carki. Majalisa ba ta damu ba. Majinyacinta na nan lulluɓe, kuma bai taɓa kai ƙarar kowa ba.