Ƙahon Jatau a Gaban Majalisa

Kura ce ta kashe Jatau. Kar wanda ya kawo zancen wai haƙorinta bai taɓa shi ba sai da ya huce. Ita ce, kuma dajin Gurmi kaf ya kama mata.

Jatau ɗan barewa ne, ko damina biyu bai cika ba, a hannun kakarsa Goggo Tabawa ya tashi. Ita kuwa Goggo ta ga jiya ta ga yau. A zamanin da, mai haƙori yana kisa, ba ɓoye-ɓoye. Amma akwai al'ada: in ka kashe, kai za ka ɗauko ƙaho ko kofato ka kai ƙofar masu gawa, ka faɗi sunan wanda ka ci, ka zauna a zage ka har murya ta dushe. Kuma ba ka sake waiwayar gidan sai shekara ta zagayo. Mugun zamani ne, ba mai musu. Damisar da ta ci mijin Goggo da bakinta ta kawo ƙahonsa, ta sha zagi har azahar, kanta a ƙasa.

Sai sabon Zaki ya hau, mai tausayi, ko jini ba ya son gani. Ya kafa Dokar Rai: daga yau ba kisa, mai cin nama ya jira abin da ya mutu da kansa. Aka yi guɗa, har da Goggo. Kura ta rasa sana'a, sai aka ba ta tsaron mashaya. Ta kewaye tafki da ƙaya, ta bar ƙofa ɗaya wadda ɓauna sai ta karkace take shiga, kuma sau ɗaya take buɗewa a yini, wai don tsari. In bazara ta kai bazara, ƙishirwa ba ta san kunya ba, babba ya bi ta kan yaro. In an watse, abin da aka bari a ƙofa shi ne ya mutu da kansa. Tun da aka hana kisa Kura ba ta kwana da yunwa ba. Har wuya ta aje.

A wannan turmutsitsin Jatau ya kuɓuce daga gefen kakarsa. Ta yi ta jira a ƙofarta a kawo ƙaho. Shiru. Da ƙafarta ta je bayan ramin Kura, ta tono shi a cikin tarin ƙananan ƙahoni. Ta gane shi da ɗan tsagin da ya yi garin wasa.

Ranar bikin Dokar Rai majalisa ta cika a gindin gawo. Dila, kakakin fada, ya miƙe ya gyara murya.

“Ranka ya daɗe, ’yan majalisa. Kakanninmu cikin jini suke kwana, cikin jini suke tashi. Mu kuwa mun san darajar rai. A bana, babu ko dabba ɗaya da ta mutu a hannun wata.”

Ana cikin kaɗa wutsiya Goggo ta ratso tsakiya, ba sallama, ta yar da ƙahon a gaban Zaki.

“To wannan fa? Tuntuɓe ya yi da iska?”

“Goggo, ba a haka,” in ji Dila. “Akwai tsari. Sai an ba ki dama.”

“Rufe mini baki, ɗan nan, na san uwarka tun tana satar ƙwai. Ranka ya daɗe, ni ban iya zancen fada ba. Jikana nake tambaya. Wa ya kashe shi?”

Zaki ya kau da kai daga ƙahon, idonsa har da ƙwalla. “Allah ya ba ki haƙuri, Goggo. Abin ya taɓa mu ƙwarai. Amma doka ta san kisa ne in akwai mai kisa. Kura, kin taɓa shi?”

“Ni? Allah ya tsare,” in ji Kura. “A kwance na same shi. Barin sa ma almubazzaranci ne.”

“Kin ji,” in ji Zaki a hankali.

“Na ji.” Goggo ta juya wa sarki baya, ta fuskanci jama'a. “To ku, masu kofato. Ɓauna, Gwanki, Gada, ku dube ni. A cikinku wa bai taɓa taka abu mai laushi a ƙofar nan ba? Wa ya taka ya tsaya ya duba?”

Ɓauna ta ɗaga ƙafarta ta gaba, ta mayar, kamar ƙasar ta yi zafi. Gada ta ɓoye fuska a bayan mijinta.

“Ba za ku faɗa ba? Ni zan faɗa. Ran nan na taka. Ɗumi na ji a ƙarƙashin kofatona, abin ya motsa. Ruwa na gabana, ban duba ba. Na sha na ƙoshi, sannan na fara kiran Jatau.” Ta waiwayi ƙahon. “Ko shi ne, ko ɗan wata ne, ban sani ba. Damisa ta san wanda ta ci. Ni ban san wanda na taka ba. Da, makashi ɗaya ne, yana da fuska, ana zagin sa. Yanzu an raba mana kisan kowa ya ɗan samu, kamar naman suna, ita kuma tana gefe tana jiran kasonta. A cire ƙayar nan. Kuma wani ya ɗauki ƙahon nan ya kai ƙofata, ya faɗi sunansa.”

Saura kaɗan, wallahi saura kaɗan, Ɓauna ta sunkuya ta ɗauka.

Sai Kura ta dubi rana ta yi hamma. “Ranka ya daɗe, lokacin buɗe ƙofa ya yi.”

Ba wanda ya kalli wani. Na baya suka fara zamewa, sannan na tsakiya, sannan aka zuba da gudu, kowa kansa a sama don kar ya ga ƙasa. Goggo ma maƙogwaronta ya bushe, ƙafarta har ta motsa da kanta. Ta danne ta, ta zauna.

Ƙahon yana nan a gindin gawo. Wadda ta sa ƙaya, da wanda ya ba ta izini yana hawaye, da waɗanda suka taka suka wuce: wani ya fito ya ɗauka. Sunansa Jatau. Wa zai faɗa?